Wayoyin Lantarki da Allon Agoguna a Jirgin Ruwa

Idan mota ta lalace a kan hanya, direba yakan gangara gefen titi. Fasinjoji su sauka su nemi inuwa, a aiki yaro ya kira bakanike. Jirgin ruwa ba shi da gefen titi. In injinsa ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ne yake karɓar tuƙi, shi kuwa ruwa ba ya tambayar kowa inda za shi. Wannan ne ya sa wayar lantarki, wadda sau da yawa ba ta kai kaurin fensir ba, take da muhimmanci ƙwarai a cikin jirgi.

Nijeriya ƙasa ce mai ruwa da yawa. Kogin Neja, wanda Hausawa suke kira Kwara, ya haɗu da kogin Binuwai a Lakwaja, suka gangara tare zuwa teku. Akwai tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama gina madatsar ruwa a shekarar 1968. Akwai kuma hanyoyin ruwa na Legas da Warri da Fatakwal da Kalaba. A wasu garuruwan Neja Dalta, jirgi shi ne motar zuwa kasuwa, shi ne kuma motar zuwa asibiti. Hukumar da take kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, an kafa ta a 1997, kuma hedikwatarta tana Lakwaja. Wataƙila ma wasu daga cikinku a jirgi suka zo makaranta yau.

Wata rana da yamma na shiga jirgin fasinja za mu ƙetare kogi. Mun yi kusan rabin tafiya sai muka ji warin roba tana ƙonewa. Kafin a ce kwabo, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujerar matuƙi, inji ya yi shiru. Yaron jirgi ya yi maza ya cire kan batir, Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi ba. Da filafili aka kai mu gaɓa, bayan magariba. Washegari na koma na iske mai gyara a bakin ruwa, ya nuna mini dalili. Wani ne ya ƙara wa wayar inji tsawo da guntuwar wayar gida. Ya murɗa bakunan biyu, ya naɗe su da tef, bai kuwa sa fis ba. Tun daga ranar nake yawan tsayawa wurin masu wannan sana'a, waɗanda ake kira 'yan riwaya, ina kallo ina tambaya.

Me ya sa ake ƙara wa waya tsawo?

Ƙananan jirage suna amfani da inji iri biyu. Na farko shi ne wanda ake ratayawa a bayan jirgi, daga waje. Fetur yake sha, kuma shi aka fi gani a kogunanmu, musamman samfurin Yamaha. Na biyu yana zaune a cikin jirgin, kamar injin babbar mota. Yawanci man dizal yake sha, kuma wani dogon ƙarfe ne yake haɗa shi da farfela.

A ƙaramin kwale-kwale, matuƙi yana zaune dab da inji. Da hannunsa yake jan igiya ya tayar da shi, da kunnensa yake jin lafiyarsa. Wannan ba ya bukatar waya mai yawa. Amma idan jirgi ya yi girma, fasinjoji da kaya sukan tare wa matuƙi gani. Dole a mayar da kujerarsa tsakiya ko gaba, a sa masa sitiyari da makulli. Yanzu tsakaninsa da inji akwai mita biyar ko shida, wani lokaci fiye da haka. Ba ya jin ƙarar injin sosai, ba zai iya taɓa shi ya ji ko ya yi zafi ba. Wayoyi ne za su kai wa inji umarninsa, su kuma kawo masa labarin inji. Wurin da labarin yake isa shi ne allon agoguna, wato allon da yake gaban matuƙi, mai ɗauke da agoguna da fitilun gargaɗi da makunnai.

Hanyar da wuta take bi

Wutar ƙaramin jirgi daga batir take fitowa, kuma ƙarfinta bolt 12 ne, kamar na mota. Batir yana da kawuna biyu: ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−). Wuta tana fita daga kan tarawa, ta bi waya zuwa fitila ko famfo, ta yi aikinta, sannan ta bi wata waya ta koma kan ɗebewa. Idan wannan hanya ta yanke a ko'ina, aiki ya tsaya.

A nan ne jirgi ya bambanta da mota. Jikin mota ƙarfe ne, saboda haka shi ake mayarwa hanyar dawowar wuta. A jirgi ba a yin haka. Katako da faiba ba sa ɗaukar wuta. Jirgin ƙarfe kuwa yana ɗauka, amma wutar da take bi ta jikinsa cikin ruwa tana cin ƙarfen a hankali, har wata rana ya huje. Don haka kowace na'ura a cikin jirgi tana bukatar waya biyu, ta zuwa da ta dawowa. Wayoyin dawowa duka suna haɗuwa a kan wani ɗan sandan ƙarfe mai notina, daga nan wata waya mai kauri ta kai su ga batir.

Batir ba rijiya ba ne, yana ƙarewa. Idan inji yana aiki, wata na'ura a jikinsa, wadda masu gyara suke kira altaneta, tana mayar wa batir abin da aka ɗiba. Batir mai lafiya, idan ya cika kuma inji yana kashe, yakan nuna kimanin bolt 12.6. Idan inji yana aiki, ya kamata ya hau zuwa wajen bolt 14. In bai hau ba, batir ba ya samun caji. Kusa da batir ana sa babban makunni wanda yake yanke wutar jirgi gaba ɗaya. Ba a kashe shi alhali inji yana aiki, domin hakan yana iya ƙona altaneta. Abu ɗaya ne ake barinsa da wuta ko da an kashe babban makunni, shi ne famfon da yake fitar da ruwa daga cikin jirgi. Ana iya yin ruwan sama cikin dare, mai jirgi yana gida yana barci.

Kowace waya da aikinta

Wayar da ake sa wa cikin bangon gida sau da yawa ƙarfe ɗaya ne a cikinta, mai tauri. Gida ba ya motsi, don haka ba ta da matsala a can. Jirgi kuwa kullum cikin girgiza yake. Ɗauki guntun ƙarfe ka lanƙwasa shi gaba da baya sau ashirin, ka ga abin da zai faru. Zai karye. Haka wayar gida take karyewa a jirgi, kuma a cikin robarta take karyewa, inda ido ba ya gani. Wayar jirgi dole ta kasance mai ƙananan zare da yawa na jan ƙarfe, masu laushi kamar gashi.

Maƙiyi na biyu shi ne danshi. Jan ƙarfe idan ya sha danshi yakan yi baƙi ko kore, ya rage ɗaukar wuta. A Legas da garuruwan bakin teku abin ya fi muni saboda gishiri. Shi ya sa ake yin waya ta musamman wadda aka shafe kowane zarenta da kuza. In ka fere robarta, za ka ga zaren fari ne kamar azurfa. Ta fi tsada, kuma masu jirage da yawa suna guje mata saboda haka. A ganina wannan tsimi ne marar riba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kauri da tsawo

Ku tuna da tiyo na ban ruwa. Idan tiyon siriri ne kuma dogo, ruwan da yake fitowa a ƙarshensa ba shi da ƙarfi. Haka wuta take. Duk lokacin da ta bi ta cikin waya, wani ɓangare na ƙarfinta yana zubewa a hanya, ya zama zafi. Tsawo yana ƙara wannan asara, kauri yana rage ta. A wutar gida mai bolt 230, rasa bolt ɗaya ba komai ba ne. A wutar jirgi mai bolt 12, bolt ɗaya babban rashi ne.

Wata ƙungiya a Amurka mai suna ABYC ta tsara ƙa'idojin da masu ƙera jirage da yawa suke bi. A ƙa'idarta, na'urori masu muhimmanci, kamar fitilun tafiya da famfon fitar da ruwa, kada asararsu ta wuce kashi 3 cikin ɗari. Sauran, kamar fitilar cikin ɗaki, za su iya kai kashi 10. Kashi 3 cikin ɗari na bolt 12 shi ne bolt 0.36.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce famfo yana jan wuta amfiya 5, kuma tsakaninsa da batir mita 6 ne. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su lissafa mita 6 kawai. Wuta tana zuwa tana dawowa, saboda haka tsawon hanyarta mita 12 ne. Ana rubuta kaurin waya a jikin robarta da lamba, kamar 1.5 ko 2.5 ko 4. Idan aka sa mai lamba 1.5, asara za ta kai bolt 0.7, wato kusan ninki biyu na abin da aka yarda. Mai lamba 2.5 za ta zubar da kimanin bolt 0.42, har yanzu da sauran kaɗan. Sai mai lamba 4 ce take sauko da asarar zuwa wajen bolt 0.26. Famfon da aka ba shi siririyar waya zai yi ta ƙara kamar yana aiki, amma ruwan da yake fitarwa kaɗan ne, wayar kuma tana ɗumi.

Fis

Idan robar waya ta goge, wayar zuwa ta taɓa ta dawowa, wuta tana samun gajeriyar hanya. Batir ƙarami ne a ido, amma yana iya tura ɗaruruwan amfiya nan take. Waya ta yi ja, roba ta narke, gobara ta tashi. Abin da ya faru ke nan a jirgin da na ba ku labari. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi domin ya narke kafin waya ta ƙone. Idan ya narke, hanya ta yanke.

Mutane da yawa suna zaton an sa fis ne don ya kare fitila ko rediyo. Babban aikinsa shi ne kare wayar kanta. Saboda haka ana sa shi a farkon waya, kusa da inda wuta take fitowa. A ƙa'idar ABYC, kada ya yi nisa da wurin fiye da inci 7, wato kimanin santimita 18. Duk wayar da take tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. Babbar wayar da take zuwa sitata ce kaɗai aka saba bari ba fis, domin wutar da take ɗauka tana da yawa ƙwarai. Idan fis ya ƙone, akwai dalili, sai a nemo shi. Wanda ya maye gurbin fis da ƙusa ko takardar kwalin sigari ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Abin da allo yake faɗa

Yanzu mu zauna a kujerar matuƙi mu duba allo. Babban agogon da yake tsakiya yana nuna saurin juyawar inji, wato sau nawa yake juyawa cikin minti ɗaya. Kusa da shi akwai agogon zafin inji, da agogon mai na tanki, da agogon batir. A injin dizal akwai kuma agogon da yake nuna ƙarfin gudun baƙin mai a cikin inji. Wannan shi ne wanda ya fi gaggawa. Idan hannunsa ya faɗi ƙasa, inji yana iya lalacewa cikin 'yan mintuna. Da yake matuƙi ba zai iya zuba wa allo ido kullum ba, ana haɗa masa jar fitila da ƙararrawa.

Ta yaya agogo yake sanin abin da yake faruwa a nesa? Kowane agogo yana da abokin aiki a jikin inji ko a cikin tanki. Mu kira shi ɗan aike. Ɗan aiken zafi wani ɗan noti ne da aka ɗaura inda ruwan sanyaya inji yake bi. Idan ruwan ya yi zafi, sai ya ƙyale wuta ta wuce da yawa, hannun agogo ya hau. Ɗan aiken tanki kuwa yana da wani abu mai iyo a kan mai, yana hawa yana sauka tare da man.

A nan akwai abin da zai ba ɗalibin harshe sha'awa. Agogo da ɗan aikensa dole su kasance suna jin yare ɗaya. Ana auna yadda abu yake tare hanyar wuta da ma'aunin da ake kira om. Ɗan aiken tanki ƙirar Amurka yana nuna om 240 idan tanki ya ƙare, om 33 idan ya cika. Ƙirar Turai kuwa akasin haka ne: kimanin om 10 idan ya ƙare, om 180 idan ya cika. Idan aka haɗa agogon Amurka da ɗan aiken Turai, agogo zai ce tanki cike yake alhali saura kaɗan ya bushe. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba su dai fahimci juna ba ne.

Domin kada a rikice, kowace waya tana da launinta. Ja ita ce ta zuwa. Baƙa ko rawaya ita ce ta dawowa. A tsarin Amurka, ruwan toka ta agogon juyawar inji ce, ruwan hoda ta tankin mai, shuɗiya mai haske ta baƙin mai, rawaya mai ratsin ja kuma ita ce take tayar da sitata. Kamfanonin Japan da na Turai suna da nasu tsarin, don haka littafin injin shi ne alƙali.

A kan allon ne kuma makunnin fitilun tafiya yake. Ja tana gefen hagu, koriya tana gefen dama, fara tana baya. Wannan doka ce ta duniya baki ɗaya. Matuƙin da ya hango ja da koriya tare cikin duhu ya san cewa wani jirgi yana tahowa kansa kai tsaye.

Ƙara tsawo

Inji yakan zo da wayoyinsa a ɗaure wuri ɗaya kamar damin dawa, da filogi a ƙarshensu. Idan damin bai kai wurin allo ba, hanya mafi kyau ita ce a sayi ƙarin dami na kamfanin da ya ƙera injin, a jona filogi da filogi. Ba yanka, ba murɗi. Idan ba a samu ba, sai a ƙara wayoyin da hannu. Ƙwararre yakan fara da cire kan batir mai alamar ɗebewa. Sannan ya yanke waya ɗaya, ya ƙara ta da mai launinta, ya gama da ita kafin ya taɓa ta biyu. Wanda ya yanke damin duka a lokaci guda zai wuni yana neman wace ce matar wane. Haka kuma ba a jera mahaɗan duka a wuri ɗaya. Ana ba su tazara, don kada su yi ƙullutu su riƙa gogar juna.

Wayoyin agoguna ba sa ɗaukar wuta mai yawa, don haka ƙarin 'yan mitoci ba ya damunsu sosai. Masu matsala su ne waɗanda suke ɗaukar kaya mai nauyi. Ta farko ita ce wayar da take tayar da sitata. Bayan an ƙara tsawo, sai matuƙi ya murɗa makulli ya ji ƙas, ƙas, inji bai tashi ba. Sai a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo, a ga babu canji. Wutar ce ta gaji a hanya: ta taso daga baya, ta je allo, ta komo baya. Maganin shi ne a sa waya mai kauri, ko kuma a sa ɗan makunni mai aiki da kansa, wanda ake kira rile, kusa da inji. Makulli ya aika wa rile 'yar wuta kaɗan, shi kuma ya buɗe wa sitata gajeriyar hanya.

Ta biyu tana cikin tsofaffin alluna masu agogon amfiya. A irin wannan tsari, duk wutar cajin batir sai ta bi ta allo kafin ta koma. Idan aka ƙara tsawo, batir ba zai riƙa cika ba, wayar kuma za ta riƙa zafi. Gwanaye sukan cire wannan agogo su sa na bolt, wanda siririyar waya ta ishe shi.

Akwai wayoyi biyu da rai ya rataya a kansu. Ɗaya tana hana inji tashi sai giya tana firi, don kada jirgi ya zabura alhali mutane suna shiga. Ɗayar tana zuwa wurin wata igiya da matuƙi yake ɗaurawa a hannunsa. In ya faɗa ruwa, igiya ta fizgo maɓalli, inji ya mutu. A injunan rataye da yawa, wannan waya tana kashe inji ne ta hanyar haɗewa da wayar dawowa. Ma'ana, idan ta tsinke, inji zai tashi lafiya lau, sai an zo kashe shi ya ƙi mutuwa. Ba za a gane ta tsinke ba sai an gwada.

Wasu manyan jirage suna da wurin tuƙi biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a sama. Ba a jona agogo biyu a kan ɗan aike ɗaya irin na kullum, domin dukansu za su nuna abin da ba daidai ba. Akwai ɗan aike na musamman da aka yi domin agogo biyu.

Mahaɗa da hanya

Yawancin matsalolin wutar jirgi a mahaɗa suke, wato inda waya ta haɗu da waya ko da noti. Murɗi da tef ba ya daɗewa, domin zafi yana narkar da gam ɗin tef, danshi ya shiga. Liƙi da dalma kaɗai ma bai isa ba. Dalma tana mayar da zare masu laushi su zama sanda ɗaya mai tauri, girgiza ta karya ta. Abin da ya dace shi ne a sa bakin waya cikin ɗan bututun ƙarfe, a matse shi da filaya ta musamman, sannan a rufe da wata roba wadda take tsukewa idan ta ji zafi. Bayan an matse, a ja wayar da hannu da ƙarfi. Gara ta fita a hannunka a bakin gaɓa da ta fita da kanta a tsakiyar kogi.

Hanyar da waya za ta bi ita ma sai an yi tunani. A bi da ita ta sama, nesa da ruwan da yake taruwa a ƙasan jirgi, nesa da salansa da duk abin da yake juyawa. A ɗaure ta aƙalla kowane santimita 45. Inda za ta ratsa katako ko ƙarfe, a sa mata zoben roba. Kafin ta shiga agogo, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa sannan ta hau, don ɗigon ruwan da ya biyo ta ya faɗi ƙasa maimakon ya shiga agogon. Idan akwai kamfas a kan allo, a nisanta wayoyi da shi. Wuta mai gudu a waya tana haifar da maganaɗisu, wanda zai iya karkatar da allurar kamfas. In dole ne su wuce kusa, a tufka wayar zuwa da ta dawowa kamar igiya.

A jirgi mai shan fetur akwai wani haɗari na daban. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe shi. Jirgi kuwa kamar ƙwarya yake, tururin yana kwanciya a ƙasansa. Tartsatsi ɗaya daga sakakkiyar waya ya isa. Saboda haka ba a sa makunni ko fis irin na mota kusa da tanki. Shi ma batir ana ɗaure shi cikin akwati mai murfi da mashigar iska, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin da yake caji.

Gwaji

Idan an gama, ba a cika jirgi da fasinjoji a tafi. Jirgi yana ɗaure a gaɓa ake gwaji. A mayar da kan batir. A murɗa makulli mataki ɗaya, ba tare da an tayar da inji ba. Jar fitilar baƙin mai ya kamata ta kama, ƙararrawa ta yi kuka, domin mai bai fara gudu ba. In sun yi shiru a wannan lokaci, to za su yi shiru ranar da ake bukatarsu. A sa giya a gwada tayarwa, inji ya ƙi tashi. A mayar firi a tayar. Fitila ta mutu, agogon batir ya hau wajen 14. A fizge igiyar hannu a ga ko inji zai mutu. Idan agogon zafi bai motsa ba, mai gyara yakan cire wayar ɗan aike ya ɗan taɓa ta a jikin inji. In hannun agogo ya tashi, agogo da waya lafiyarsu ƙalau, ɗan aike ne ya mutu. A kunna komai na 'yan mintuna, sannan a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wadda ta yi ɗumi, a sake ta.

Abu na ƙarshe shi ne takarda da biro. A zana hanyar kowace waya, a rubuta launinta da girman fis ɗinta. A sa takardar cikin leda tare da fis na ko-ta-kwana da tocila, a ajiye a ƙarƙashin allo inda hannun matuƙi zai kai ko cikin duhu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a mayar da jikin jirgi hanyar dawowar wuta kamar yadda ake yi a mota?
2. Tsakanin fitila da batir mita 4 ne. Mita nawa za a lissafa wajen zaɓen kaurin waya? Don me?
3. Bayyana aikin ɗan aike da kalmominka.
4. Me marubuci yake nufi da cewa an kori mai gadi an bar ƙofa a buɗe?
5. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: gaɓa, danshi, tartsatsi, mahaɗa, ko-ta-kwana.